Kafin ka tura CV ɗinka kamfanin bas

Duk wanda ya kwana biyu a Ingila ya san tuƙin bas na cikin ayyukan da suka rufa wa 'yan'uwanmu asiri. Albashi tsayayye, ga fansho, ga hutun shekara. Waɗanda suka riga mu shiga kuma, alhamdu lillahi, sun bar suna mai kyau: ba makara, ba shaye-shaye, ga haƙuri da fasinja. Shi ya sa raina ke ɓaci idan sabon zuwa ya kawo mini CV ɗinsa cike da kurakuran da bakinmu ya gaji da faɗa, sannan ya ce ya tura ko'ina ba a kira shi ba, wai ko wariya ce. Ba na musun akwai wariya. Amma ɗan'uwa, mu fara duba takardar tukuna.

Masu sauƙin ba za su ɗauke mu lokaci ba. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Cire hoto, cire ranar haihuwa, addini, aure da yawan 'ya'ya. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a fifita ko a ƙi mutum saboda irin waɗannan, don haka kamfani ma ba ya son ganinsu. Sa lambar wayar nan da imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya. Ka ba wanda ya iya Turanci ya karanta maka kafin ka tura.

Inda ake faɗuwa shi ne lasisi.

Kusan kowace takarda da aka kawo mini sai na ga an rubuta "shekara goma sha biyar ina tuƙi, ina da lasisi". Mai ɗaukar aiki bai ƙaru da komai ba. Wane lasisi? Na wace ƙasa? Wane rukuni? Lasisin Najeriya ko Nijar ko Ghana ba ya cikin waɗanda DVLA, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi a nan, ke musanyawa. Za ka iya tuƙa ƙaramar mota da shi na wata 12 daga lokacin da ka zama mazauni, bayan nan sai ka nemi na koyo, ka ci jarrabawar rubutu, ka ci ta hanya, kamar wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Na san da zafi ga mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan titi, amma haka abin yake. Lasisin bas kuwa rukunin D ne, yana da nasa gwajin lafiya da na ido a gaban likita, da nasa jarrabawowi, ga kuma katin CPC, shaidar ƙwarewar direba, wanda ake sabunta shi da horon awa 35 duk shekara 5.

Saboda haka ka san a wane layi kake. Idan kana da rukunin D da CPC, su ne abu na farko a saman takarda, tare da ranar da katin zai ƙare. Idan lasisin ƙaramar mota kawai gare ka, wato rukunin B, to gurbin ɗan koyo za ka nema, kuma kamfanoni da yawa suna horar da mutum da kansu. Sai dai sukan gindaya cewa ka riƙe cikakken lasisi na wani lokaci, sau da yawa shekara guda, kuma galibi daga ranar lasisin nan ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka fara tuƙi a gida ba. Rubuta wata da shekarar da ka samu. Idan lokacinka bai cika ba, yi haƙuri ya cika, kada ka ɓata sunanka a rumbun kamfani da takardar da dole a watsar.

Sai maganar makin laifi. Akwai wani ƙanenmu, yaro mai hankali, da ya rubuta cewa lasisinsa tas yake, alhali kyamara ta taɓa kama shi da gudu an sa masa maki 3. Tunaninsa wa zai tono. Ranar ganawa aka ce ya kawo lambar dubawa ta DVLA, wadda direba ke cirowa a intanet ya ba mai ɗaukar aiki. Matar da ke ganawa da shi ta shigar da ita a gabansa, makin ya fito a fuskar kwamfuta, ta juyo da ita ta nuna masa, ta rufe fayil. Abin takaicin, tallar aikin ta ce ana karɓar mai maki har 6. Da ya rubuta gaskiya da babu abin da zai hana shi. Makin gudu yana zama a tarihinka shekara 4, na tuƙi cikin maye shekara 11, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kamfanin da zai damƙa maka rayukan mutane cike da mota, abin da ya fara aunawa shi ne ko maganarka abin riƙewa ce.

Haka ma kwanan wata. Kowane aiki ka sa watan farawa da na barinsa. Idan akwai wata takwas da ka yi zaune kana jiran takardun zama, rubuta hakan a layi ɗaya, ba abin kunya ba ne. Kada ka ja ranar wani aiki don ka rufe giɓin, domin za a kira wurin a tambaya, za a nemi lambar shaidar izinin aiki, wani gurbin ma har da binciken DBS, wato duba ko kana da tarihin aikata laifi, musamman inda ake ɗaukar 'yan makaranta. Masu tsaya maka shaida kuma su zama waɗanda ka yi aiki a ƙarƙashinsu, masu ɗaga waya. Kawunka ko abokin zamanka ba sa shiga nan, komai ƙaunar da suke maka.

Tuƙin da ka yi a gida ka rubuta shi, yana da daraja, amma da bayani: mota mai kujera nawa, tafiyar gari zuwa gari ko cikin birni, shekara nawa ba haɗari. Kuma don Allah a daina ɓoye aikin kula da tsofaffi ko na shago ko na gadi wai don ba tuƙi ba ne. Tuƙi za su koya maka. Abin da suke nema shi ne wanda zai sauke wa mai keken guragu gangara ba tare da ɓata fuska ba, ya jira tsohuwa ta zauna kafin ya ja, ya danne zuciya idan fasinja ya zage shi. Wanda ya yi shekara yana kula da marasa lafiya ya riga ya nuna wannan. Idan za ka iya aikin asuba, na dare da na ƙarshen mako, faɗa ƙarara. Idan ba za ka iya ba, kada ka rubuta.

A bar aron CV kuma. Mutum uku su tura takarda iri ɗaya gareji ɗaya, jimla bayan jimla, suna kawai aka canza, duk ukun an cuce su.

Ku da ke Amurka, sunaye ne suka bambanta: naku CDL ne, lasisin tuƙin manyan motoci, mai tambarin P na ɗaukar fasinja, da S idan bas ɗin makaranta ce, ga katin lafiya da gwajin ƙwaya. Ku rubuta su dalla-dalla.

Ka duba adireshi ma. Sabon zuwa yakan canza ɗaki sau da yawa a shekarar farko, sai a ga adireshin CV daban, na jikin lasisi daban. Gyarawa a DVLA kyauta ne, rashin gyarawa kuma na iya jawo tara har fam 1,000. Ka gyara, ka jira sabon katin ya zo, sannan ka tura takardarka.