Kurakuran da aka fi yi wajen auna ribar jari da darajar kuɗi a yau

Lissafin da masana harkar kuɗi ke kira NPV yana ɗaukar duk kuɗin da jari zai kawo nan gaba, ya mayar da shi darajarsa ta yau, sannan ya cire abin da aka zuba. In ragowar ta haura sifili, jarin ya biya. In ta gaza, a haƙura da shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa kuɗin shekaru daban-daban kamar darajarsu ɗaya. A ce an zuba 1,000,000, ana sa ran 400,000 kowace shekara har shekara uku. Mai gaggawa zai ce riba ta kai 200,000. Amma in kuɗin zai iya samar da kashi 10 cikin 100 a wani jari mai haɗari iri ɗaya, sai a yi wa kuɗin kowace shekara ragi da wannan kaso don a san darajarsa ta yau: a raba na shekarar farko da 1.1, na biyu da 1.21 (1.1 sau 1.1), na uku da 1.331 (1.21 sau 1.1). Za a samu 363,636 da 330,579 da 300,526, jimilla 994,741. Wato asara ce ta 5,259. Da kashi 8 aka yi amfani, sai ta koma riba ta 30,839. Kashi biyu kacal suka juya hukuncin, don haka kada a dogara da kaso guda. A gwada aƙalla uku, a ga inda lissafin ke karyewa.

Masu amfani da Excel suna da nasu ramin. Umarnin NPV na manhajar yana ɗaukar adadi na farko a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya. In ka saka jarin farko a cikinsa, zai rage masa daraja alhali yau aka biya shi, asarar ta fito 4,781 maimakon 5,259. Gyaran: a bar jarin farko a waje, a cire shi bayan an gama. In kwanakin shigar kuɗi ba su jeru daidai ba, umarnin XNPV, wanda ke aiki da kwanan watan kowane kuɗi, shi ya dace.

Ribar da ke cikin littafin akanta ba ita ake sakawa a lissafin NPV ba, kuɗin da ya shigo hannu ake so. Raguwar darajar injuna ba kuɗi ne da ya fita ba, tasirinta kan haraji kawai ake lissafawa. Kuɗin da aka daskarar a haja ko bashin kwastomomi kuwa fita ce ta gaske, ko da zai dawo a ƙarshe. Ruwan bashin banki ma ba a cire shi daga kuɗin shiga, domin yana cikin kason da aka yi ragi da shi, cire shi biya biyu ne. Abin da aka riga aka kashe, kamar kuɗin binciken yiwuwar aikin, ya wuce, ba ya shiga.

Sai hauhawar farashi. In hasashenka ya ƙunshi tashin farashi, kason ragin ma dole ya ƙunshe shi. Kashi 5 na ainihi (wanda babu hauhawa a cikinsa) da hauhawar kashi 10 ba 15 ba ne, 1.05 sau 1.10 ne, wato 15.5. Haka in kuɗin wata-wata ne, kashi 12 na shekara yana zama kusan 0.95 a wata, ba 1 ba.