Darasi na 9: Lambun Gayya a Unguwa

Lambun gayya shi ne wanda mutanen unguwa ko 'yan ƙungiya suke nomawa tare, kowa ya kawo ƙarfinsa ba don a biya shi ba. Gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da ita ake nome gonar dattijo, da ita ake ɗora jinka. Sai dai gayyar gona ta yini ɗaya ce, a ci tuwo a watse. Lambu kuwa kullum yana son hannu, tun daga Oktoba ko Nuwamba da ake yafa iri har zafin bazara.

Fili da shinge

A nemi fili kusa da ruwa: fadama, bakin rafi ko gefen rijiya. Mutum biyu ko uku su je gaban mai unguwa su ce, "Ranka ya daɗe, aron fili muke nema na rani ɗaya." In mai fili ya yarda, a rubuta a takarda, shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa. Kada a yi shuka sai an kewaye wurin da kara ko ƙaya, domin da rani awaki a sake suke.

Wa zai kawo me?

Taimako ba sai kuɗi ba. Mai awaki ya kawo taki, amma wanda ya ruɓe, don ɗanyen taki yana ƙona ƙananan tsire-tsire. Wata ta kawo toka, wani guga da igiya, wani ya ba da aron fartanya ko injin ban ruwa. Tsohon da ba ya iya sunkuyo ya zauna a inuwa ya kori tsuntsaye da yara masu ɓarna, wannan ma aiki ne. A gayyaci malamin gona ya duba ƙasar ya ba da shawarar iri.

Ban ruwa

Nan ne lambun gayya ya fi mutuwa. Ranar farko kowa zai fito, har da waɗanda kallo ya kawo su. Bayan mako uku sai ka tarar mata biyu ne kawai ke jan guga, sauran kowa na cewa ai wani zai je. Dashen tumatir da ya kwana biyu ba ruwa, ganyensa zai yi laushi ya kwanta, ƙasar gindinsa ta tsattsage. Maganin wannan shi ne littafin aiki. A rubuta ranaku bakwai na mako, a sa sunaye a gaban kowace rana, a kafa takardar a ƙofar lambu. Wanda uzuri ya kama ya nemi mai canjinsa tun da dare. A ba da ruwa da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba.

Mai ban ruwa kuma shi ne idon lambu. Ya riƙa juya ganye yana dubawa. A 2016 wata ƙaramar tsutsa mai cin cikin ganye ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. In aka ga farin zane a jikin ganye, a cire shi a binne, a kuma sanar da malamin gona.

A fara da alayyafo, domin cikin mako uku zuwa huɗu an fara yanka, mutane su ga amfanin guminsu. Tumatir sai ya yi kamar mako huɗu a wurin reno kafin a dasa shi. Albasa ta fi su jinkiri. Rabo kuwa, a yanke yadda za a yi shi tun kafin shuka: na gidaje, na sayarwa, da na asusun iri.

Aiki

1. Mutum 14 za su raba ban ruwa a kwana 7. Mutum nawa ne a kowace rana?
2. Me ya sa ba a zuba ɗanyen taki?
3. Rubuta ranakun mako daga Lahadi zuwa Asabar, ka sa sunayen 'yan ajinku a gabansu.