Yadda mai ciwon sukari zai amfana da albasa da zogale tare da maganin likita

Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, wani sinadarin jiki da ake kira aldos ridaktas yakan juya shi zuwa sobitol, wanda ke taruwa a ƙwayar ido da jijiyoyi da ƙoda. Wannan taruwa tana cikin abubuwan da ke jawo yanar ido da mutuwar ƙafa, inda mutum zai riƙa jin kamar kiyashi na tafiya a tafinsa. Masu bincike sun gano a ɗakin gwaji cewa falabonoyid, sinadaran da ke cikin ganyaye da kayan lambu, musamman kwasetin, suna rage ƙarfin aldos ridaktas, suna kuma jinkirta aikin alfa-gulukosidas, wanda ke narkar da sitaci ya zama sukari a hanji. Yawancin wannan sakamako daga gwajin kwalba da na dabbobi ya fito, don haka a tukunya ya kamata a nemi amfanin, maganin likita kuma ya tsaya a matsayinsa.

Mu a jihar Tahoua mun yi sa'a, domin albasar Galmi mai jan baya tana cikin masu yawan kwasetin. A ɓangaren da ake ci, sinadarin ya fi taruwa a zagayen da ke waje, saboda haka uwargida ta cire busasshiyar fatar kawai, kada ta zubar da zagaye biyu na farko kamar yadda aka saba. A yanka ta ɗanya cikin kwaɗo, ko a dafa ta cikin miyar da za a sha da romonta, tunda kwasetin yana fita cikin ruwan dahuwa.

Ganyen zogale ma yana ɗauke da kwasetin da kamferol, wanda shi ma falabonoyid ne. A dafa shi da ruwa kaɗan na ɗan lokaci, kada a yi ta sauya ruwan ana zubarwa, idan kuma za a shanya, a shanya a inuwa. A dambu, ganyen ya rinjayi tsakin, domin tsakin shi ne sitacin da ke ɗaga sukari. Bisap kuwa, wato zoɓo, a sha shi ba sukari.

Kada a bar ƙwayar metformin ko allurar insulin saboda waɗannan. Kafin a ƙara su sosai a abinci, a gaya wa likita, sannan a riƙa auna sukari da safe kafin a ci komai, ana rubuta lambar a littafi. Idan ta sauka ƙasa da 0,70 g/L, ko jiki ya kama rawa da zufa, a sha abu mai zaƙi nan take a tafi asibiti. Masu ciki da masu ciwon ƙoda su guji garin ganye da jiƙon da ake sayarwa a kasuwa, tunda galibi ba a auna ƙarfinsu ba. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, a kuma je a duba ido sau ɗaya a shekara ko da gani bai ragu ba.