Yadda Ake Gane Famfon Mai Ya Mutu a Tsohuwar Mota, da Yadda Ake Canza Shi

Idan tsohuwar mota ta ƙi tashi, kik yana juyawa lafiya lau amma inji ya ƙi kamawa, famfon mai ne ake fara ɗora wa laifi. Sau da yawa kuwa ba ruwansa. Fis ne ya ƙone, ko rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta, ya gaji, ko filta ta toshe, ko wata waya ta ci tsatsa a ƙarƙashin kujerar baya. Sai a sauke tanki, a sayi sabon famfo a ɗaura, motar tana nan jiya i yau. Shi ya sa nake ganin binciken ya fi canjin kansa muhimmanci, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Da farko ka san irin famfon da motarka ke da shi. Mota mai kabureta yawanci famfonta na jikin inji ne, an ɗaure shi da noti biyu, kamshaf, wato wata sanda mai tudu-tudu da ke juyawa cikin inji, shi ne ke tura hannunsa, shi kuma yana motsa wani faifan roba da ke zuƙo mai daga tanki. Matsinsa kaɗan ne, bai wuce rabin bar ba (bar ma'aunin matsi ne). Mota mai injekta kuwa famfonta na lantarki ne, galibi yana nutse cikin tanki, yana tura mai da matsin bar 2.5 zuwa 4. Akwai tsofaffin Marsandi da Volvo da Volkswagen masu tsarin K-Jetronic, waɗanda famfonsu ke waje a ƙarƙashin mota kusa da tanki, matsinsu kuma yakan kai bar 5 ko ya ɗara. Ainihin adadin da ya dace da taka motar yana cikin littafin gyaranta, a can za ka duba.

Famfo ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba, yakan yi gargaɗi. Motar tana tafiya daidai a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da ka fuskanci hawa ko ka taka totur za ka wuce wani, sai ta riƙa shaƙewa tana fizga. Ko ta mutu bayan doguwar tafiya, a bar ta ta huce, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Wani lokaci kuma ka ji ƙara siririya mai tsawo tana fitowa daga wajen tanki, wadda da ba ka saba ji ba.

Bincike kafin a kwance komai

Ka tabbata akwai mai a tankin. Kada ka raina wannan, gejin tsohuwar mota yakan maƙale ya nuna kwata alhali tanki ya bushe. Zuba lita biyar ka gwada.

Sai saurare. Buɗe murfin tanki, ka kara kunne a bakin, wani ya murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ba tare da ya yi kik ba. Lafiyayyen famfon lantarki zai yi gunji na daƙiƙa biyu ko uku ya yi shiru. Amma a kula: wasu motocin, musamman Toyota na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, famfonsu ba ya tashi sai ana kik ko inji yana aiki. A irin waɗannan akwai ɗan akwatin gwaji a ƙarƙashin bonet; idan ka haɗa ramin +B da na FP da guntuwar waya, makulli yana kunne, famfon zai tashi kai tsaye. Wanda bai san wannan ba sai ya yanke wa lafiyayyen famfo hukunci.

In shiru ka ji, koma akwatin fis. Zaro fis ɗin famfo ka ɗaga shi a haske ka ga ko siririn ƙarfen ciki ya tsinke. Idan ya tsinke, sa wani mai lamba ɗaya da shi, kada ka ƙara masa girma, kada kuma ka naɗa masa waya. In sabon ya sake ƙonewa nan take, to ko dai akwai wayar da ta goge tana taɓa jikin mota, ko famfon ya cije yana jan wuta fiye da kima. Rile kuma gwajinsa da sauƙi: nemi wani irinsa sak a cikin akwatin, sau da yawa na ham yakan dace, ka musanya su. Motar ta tashi? Ka huta da sauke tanki. Wasu motocin, Ford musamman, suna da wani maɓalli da ke yanke wa famfo wuta idan mota ta yi karo, kuma faɗawa mugun rami ma yakan sa ya yanke. Yana cikin but ko gefen ƙafar fasinja, danna shi kawai ake yi ya koma.

Fis lafiya, rile lafiya, har yanzu shiru. Yanzu sai mitar auna wuta. Nemo soket ɗin da ke shiga famfo, ka auna wuta a daidai lokacin da ake murɗa makulli ko ake kik. Ya kamata ka ga kusan abin da batir ke bayarwa, wato volt 12 ko kusa da haka, ko da yake yakan ɗan sauka lokacin kik. In babu wuta sam, matsalar tana baya, a waya ko rile ko kwamfutar mota, wadda ba za ta ci gaba da sakin wuta ba in sensar karanshaf ba ta gaya mata inji yana juyawa ba. In wutar ta zo a raunane, kamar volt 8 ko 9 alhali batir a cike yake, duba bakin soket ɗin ko ya yi kore ko ya narke, ka kuma bi wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, ka kwance ta, ka kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari, ka mayar. Wannan waya ɗaya ta sa an zubar da famfuna masu rai ba adadi. Amma idan wuta ta iso cikakkiya, wayar jikin mota tana da kyau, famfo kuma ya ƙi motsi, to ya mutu.

Akwai dabarar da makanikai ke yi ta bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ko gudumar roba yayin da wani ke kik. In motar ta tashi, gawayin da ke isar da wuta a cikin famfon ne ya cinye, girgizar ce ta sa ya taɓa. Wannan shaida ce mai ƙarfi, kuma za ta iya kai ka gida. Kada dai ka ɗauke ta a matsayin gyara.

To idan famfon yana gunji fa? Gunji ba ya nufin yana tura mai yadda ya kamata, gani ya kori ji. A nan ake bukatar gejin auna matsin mai. Wasu injuna suna da ɗan baki irin wanda ake hura wa taya iska ta cikinsa a jikin bututun da ke raba wa injektoci mai, a nan ake ɗaura gejin. Waɗanda ba su da shi sai a sa mahaɗa mai baki uku a tiyon da ke kawo mai. Kunna makulli ka karanta, ka tada inji in zai tashi, ka taka totur kana kallon allurar. Idan ta faɗi sosai lokacin da aka taka, mai ba ya isowa. Kafin ka ce famfo ne, canza filta ka sake aunawa, domin toshewar filta da gajiyar famfo alamarsu ɗaya ce. Sannan zare siririn tiyon iskar da ke kan raguleta, wato na'urar da ke daidaita matsin mai. In ka ga fetur a ciki, raguletar ce ta fashe. Bayan ka kashe inji kuma ka bar gejin a wurin na ɗan lokaci. Allura ta zube ƙasa nan da nan? Ko bawul ɗin cikin famfo ba ya riƙe mai, ko raguleta, ko wata injekta tana ɗiga. Wannan ne ke sa mota ta daɗe tana kik kafin ta kama. Kada ka manta ka duba ko wuta tana zuwa filogi, don rashin wuta ma haka yake hana mota tashi.

Famfon jikin inji binciken sa gajere ne. Cire tiyon da ke shiga kabureta, ka sa bakinsa cikin kwalba, ka cire ƙaramar wayar da ke kai wa koyil wuta don kada tartsatsi ya tashi, wani ya yi kik. Mai ya riƙa fitowa da ƙarfi, tsut-tsut, daidai da juyin inji. In ɗigowa yake ko babu, duba tiyon da ke zuwa daga tanki ko ya tsage yana shan iska. Sai ka zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. Warin fetur, ko ka ga baƙin man ya ƙaru ya tsinke, yana nufin faifan robar ya yage, fetur yana zuba cikin inji. Kada a ƙara tada motar a haka.

Canjin

Fetur ba abin wasa ba ne, kuma tururinsa ya fi ruwansa haɗari. Ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya taru a rami, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, inji ya huce, ba sigari, ba mai walda a kusa, ba ƙwan lantarki mai zafi. Abin kashe gobara mai hoda ya kasance inda hannunka zai kai.

Sauke matsin da ke cikin bututu tukuna: zare fis ko rilen famfo, ka tada motar ka bar ta ta mutu da kanta, ka ƙara kik sau biyu. In ba ta tashi dama, naɗe mahaɗar tiyo da tsumma ka sassauta a hankali, fuskarka a gefe. Sannan cire kan batir na nagetif.

Ɗaga kujerar baya ko shimfiɗar but ka duba. Motoci da yawa suna da ɗan murfi a nan wanda ke kai ka kan famfo kai tsaye. In babu, sai sauke tanki, kuma a rage man da ke ciki da famfon hannu, ba da baki ba. Lita 50 ta fetur ta kai kilo 37, ga shi yana tangaɗi. Tokare motar da ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Tallafe tankin da jak da faffaɗan katako, kwance bel ɗin ƙarfen da ke riƙe da shi, ka sauke kaɗan, ka cire tiyo da soket, sannan ka ƙarasa saukewa.

Kafin ka buɗe, share saman famfon tas da buroshi da tsumma. Duk ƙurar da ka bari a nan cikin tanki za ta faɗa. Ɗauki hoto da wayarka tun kafin ka saki tiyo ko ɗaya, ka yi wa na kai mai da na dawo da shi alama, ka kuma yi alamar inda murfin ke fuskanta. Wani murfin ƙananan notuna ne ke riƙe da shi, wani kuma zobe ne da ake juyawa. In zobe ne kuma ba ka da sifanarsa, buga shi da guntun katako ko tagulla. Ƙarfe a kan ƙarfe yana ba da tartsatsi. Zaro famfon a hankali kana karkata shi, saboda siririn hannun fulot da ke gaya wa geji yawan mai. In ya lanƙwashe, gejinka ya shiga ƙarya ke nan.

Yanzu haska cikin tankin da tocila mai ƙwan LED, ka duba sosai. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke kashe sabon famfo cikin 'yan watanni. In ka ga jan gari na tsatsa, ko laka, ko ruwa kwance a ƙasan mai, a sauke tankin a wanke shi ya bushe sarai. In tsatsar ta ci jikinsa, a nemi wani. Dubi 'yar rariyar da ke bakin tsohon famfon ma: in ta yi baƙi ta cushe, ka ga abin da ya kashe shi.

Jera sabon da tsohon ka gwada tsawo da baki da soket. Famfo ya dace da matsin da injinka ke so, shigarsa ramin kaɗai ba ta isa ba. Sa sabuwar rariya, kada ka mayar da tsohuwa. Guntun tiyon da ke cikin tanki dole ya zama irin wanda aka yi don zama cikin fetur, mai lambar SAE J30R10. Tiyon mai na waje yakan kumbura ya ruɓe a ciki. Kula da wayoyi biyun, mai alamar + da mai alamar -, domin in ka juya su famfon baya zai riƙa juyawa. Sa sabuwar robar murfi, ka zaunar da ita daidai ba tare da ta naɗe ba, ka ɗaure notunan bi da bi, wannan gefe sannan na daura da shi. Canza filtar waje a ranar, kibiyar jikinta tana kallon inji.

Na jikin inji kuwa, cire tiyo biyu da noti biyu, kankare tsohon gaskit, ka sa sabo. Wurin da ake kuskure shi ne zaman hannun famfon: dole ya hau kan kamshaf daidai. In ka ji yana turo ka da ƙarfi ya ƙi zama, juya inji kaɗan da sifana har tudun kamshaf ya kauce, kada ka tilasta shi da noti. Idan fetur ya shiga baƙin mai, juye shi ka canza har da filtarsa kafin ka tada motar.

Mayar da kan batir da fis. Kunna makulli na daƙiƙa uku ka kashe, sau uku ko huɗu, don mai ya cika bututu. Kafin kik, bi kowace mahaɗa da ido da yatsa. Ko danshi ka ji, tsaya ka gyara. Tada motar, ka sake dubawa tana aiki, ka auna matsin in gejin yana hannu, sannan ka fita da ita ka nemi hawa ka taka. Daga nan ka daina barin tanki yana kaiwa ƙasa, domin man da famfon ke ciki shi ke sanyaya shi. Kwata ya zama iyakarka. Kada ka mayar da kujerar baya sai ka cika tankin fal sau ɗaya ka leƙa saman murfin, saboda robar da ba ta zauna daidai ba sai tanki ya cika take nuna yoyo.