Kurakuran da bankuna ke yi wajen gano kuɗin safarar mutane

Babban kuskuren shi ne zuba ido kan manyan kuɗi kaɗai. A Najeriya, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta kai rahoton duk hada-hadar da ta haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani. Sai ma'aikata su ɗauka duk abin da bai kai haka ba lafiya lau ne. Masu safarar mutane kuwa sun san wannan iyaka sarai. Kuɗinsu kan shigo ne kaɗan-kaɗan, dubu 30 yau, dubu 50 gobe, daga masu POS a garuruwa daban-daban. Gyaran shi ne a saita manhajar sa ido ta riƙa tara shige da ficen wata uku, ta kuma haɗa asusun da suka yi tarayya a lambar waya, adireshi ko wayar da ake shiga da ita.

Wanda ya fi ɓarna shi ne ɗaukar wadda aka zalunta a matsayin mai laifi. Sau da yawa asusun da ya tayar da ƙararrawa sunanta ke kai, amma ba ita ke juya shi ba. Alamar a fili take: albashi ya shigo, kafin awa ɗaya an kwashe shi kaf zuwa wani asusu, kuma asusun nan shi ke karɓar albashin wasu mutum takwas ko goma. Babu cefane, babu katin waya, babu kuɗin haya. Idan banki ya rufe asusunta nan take, ya yanke zaren da zai kai ga ubangidan, ita kuma a buɗe mata wani a wani wuri. A bi kuɗin zuwa inda suke taruwa tukuna.

A gaban kantar banki ma ana sakaci. Rakiyar miji ko yaya zuwa banki ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don haka rakiya kaɗai ba hujja ba ce. Abin lura shi ne wanda ke riƙe da katin shaidarta da na ATM, yana amsa kowace tambaya a madadinta, ita kuwa ko adireshinta ba ta sani ba. Kada ma'aikaci ya tsare shi da tambayoyi, ko ya nuna masa an yi zargi. Tsegunta wa wanda ake zargi laifi ne a doka.

Sai rahoton zargin kansa. “Hada-hada mai shakku” ba bayani ba ne. A rubuta ranaku, adadi, asusun da kuɗin ke komawa da dalilin zargin safarar mutane, a aika wa NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi ta Najeriya, ba tare da jinkiri ba, a Nijar kuma takwararta CENTIF. A bambanta wanda ya biya direba don ya tsallaka da shi daga Agadez zuwa Libiya, wanda yawanci biya ɗaya ko biyu ne, da wadda ke biyan “bashin tafiya” duk wata ga mutum ɗaya har shekaru. Irin na biyun ne masu binciken NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ke nema.