Yadda Ake Haɗa Fosta Da Kati Da Salon Pank Da Na Matan Neman Ƙuri'a

Salon nan biyu duk daga Ingila suka fito, da tazarar kusan shekara saba'in a tsakaninsu. Matan WSPU, ƙungiyar neman wa mata 'yancin ƙuri'a wadda Emmeline Pankhurst ta kafa a Manchesta a 1903, sun ɗauki launi uku a 1908: shunayya, fari da kore. 'Yan pank kuwa, matasa masu kiɗan tawaye, a Landan suka ɓarke a 1976 da almakashi da gam da injin fotokwafi. Abin da ya haɗa su shi ne aiki mai arha, da saƙon da mai wucewa zai karanta ba tare da ya tsaya ba.

Fara da maganar, kada ka fara da hoto. Rubuta ta a takarda, kalma biyar ko ƙasa da haka. Taken matan nan kalma uku ne kacal a Turanci, ma'anarsa a ba mata ƙuri'a. In sai ka yi bayani kafin a fahimci taka, sake ta. Akwai wata fosta ta Suffrage Atelier, ƙungiyar masu zane da aka kafa a 1909, da ya kamata ka nema ka duba: a layin sama mace magajiyar gari, nas, uwa, likita, ba ta da ƙuri'a, a layin ƙasa namiji tsohon fursuna ko mashayi, tasa tana nan. Hujja ɗaya ce, aka jera ta layi biyu, shi ke nan.

Sai hoto, guda ɗaya tak. In kana son fuskar gida, ga Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ta sha ɗauri a kan 'yancin matan Arewa, waɗanda ba su samu ƙuri'a ba sai 1976. Kai hoton shagon fotokwafi, ka ce a ƙara baƙi. Sannan a ɗauki kwafin a sake kwafe shi, a kuma sakewa, har toka-tokar ta mutu, baƙi da fari kawai su rage. Mai shagon zai ce maka hoton ya lalace. Ce masa haka kake so.

Yanzu haruffa, inda yawancin masu koyo suke faɗuwa. Sai ka ga yaro ya buɗe manhajar zane ta Canva, ya ɗauko rubutun da aka ƙera don ya yi kama da yankakken jarida, ya buga. Ana kallo ake ganewa, domin kowace "a" tagwaiyar 'yar'uwarta ce. Jamie Reid, da ya yi wa mawaƙan pank na Sex Pistols zane a 1977 ya rufe idanu da bakin Sarauniyar Ingila da rubutu, yankakkun haruffa ya jera. Kai ma yanka za ka yi. Nemi tsofaffin jaridu wajen mai ƙosai ko mai tsire, kanun labarai kawai kake buƙata, ƙananan rubutu ba sa fitowa. Wasu haruffan ka yanka da almakashi, wasu ka yaga da hannu don gefensu ya yi gashi-gashi.

Amma fa hargitsin yana da iyaka. Kada babban harafi ya wuce ninki biyu na ƙaramin da ke kusa da shi. Kada ka karkatar da duka. Biyu ko uku a kalma sun isa, sauran su zauna a layi. Tazarar da ke tsakanin kalma da kalma ta fi ta tsakanin haruffa faɗi sosai, in ba haka ba maganar ta dunƙule. In da Hausa kake rubutawa, ƙ da ɗ da ɓ za su yi maka wuyar samu, to yanko k, d, b, ka zana musu lanƙwasa da baƙin alƙalamin maka. Kuma kada ka taɓa gam tukuna. Jera komai a kan takardar, ɗauki hoto da waya, ka ƙanƙance shi. In bai karantu a ƙarami ba, a bango ma ba zai karantu ba. Gam na sanda nake so, na ruwa yana sa jarida ta yamutse.

Launi kuwa, ni ba na yarda a zuba ukun daidai wa daida. Baƙi da fari su ci fili, shunayya ta zama bango ko faffaɗan ƙyalle a gicciye irin wanda matan suke ratayawa, kore ya shigo ɗan kaɗan. Shunayya mayaudariya ce, tana haske a allon kwamfuta ta fito shuɗi-shuɗi a takarda. Mayar da aikin CMYK, wato tsarin launin injin buga takarda, ka biya kuɗin gwaji guda kafin a buga ɗari. In aljihu ba nauyi, sayi takarda mai launi ka buga baƙi a kanta, 'yan pank ma haka suka yi ta yi.

Sauran mai sauƙi ne. Yi sikanin a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Kati A6 ne, milimita 105 da 148, fosta A3. Bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. A kati rage kalmomi, ka zaɓi takarda mai kauri wadda bayanta ba ya sheƙi, don biro ya kama. Raba bayan gida biyu, dama na adireshi da kan sarki, hagu na saƙo.