Kafin ka saka mai taɓin hankali ko mai naƙasa a fim ɗinka

Shekarun baya na rubuta wata fitowa a wani fim, wadda har yau nake jin nauyinta a ƙirjina. Furodusa ne ya ce labarin ya cika ban tausayi, a samo abin da zai ba mutane dariya a tsakiya. Sai na ƙirƙiro mahaukaci: tsumma a jiki, gwangwanaye a wuya, toka a fuska, yana bin mata da gudu a bakin kasuwa, yara suna jifansa. Aka ɗauka, aka tace, fim ya fita. Daren da aka kunna shi a gidanmu a Tudun Wadar Kaduna, muna zaune a tsakar gida bayan isha'i, har da Yayana, wanda a lokacin ya shekara biyu yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Da aka zo wurin, yara suka tuntsire da dariya. Shi bai ce uffan ba, ya zura takalminsa ya shige ɗaki. Umma ta dube ni ta ce, "Kai ka rubuta wannan?" Na ce ni ne. Ta ce, "Allah ya shirye ka." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Tun daga daren na sake yadda nake aiki. Ga abin da nake bi, ko zai amfani wanda ke rubuta fim ko shiri mai dogon zango, ko mai ɗora gajerun barkwanci a YouTube da TikTok.

Kafin ka ɗora alƙalami a takarda, tashi ka je ka ga mutanen. Gani ya kori ji. Yawancinmu a wani fim muka ga yadda ake yin mahaukaci ko makaho, shi ma mai wancan fim ɗin a wani ya kwaso. Nemi izini a asibiti, ka zauna da likita ko ma'aikaciyar jinya, ka bar kamara a gida. Idan ka ga layin masu jiran ganin likita a Barnawa da safe, za ka rasa wane ne marar lafiya, wane ne ɗan rakiya. Malamin makaranta ne da jakarsa, 'yar kasuwa da goyonta, saurayi da shaddarsa a goge. Idan labarinka na makaho ne ko gurgu, suna da ƙungiyoyinsu da sarakunansu, akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu. Shiga ta ƙofa, ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka. Tambayoyin da suka fi buɗe mini baki su ne ƙanana: yaya safiyarka take farawa, me mutane ke yi maka da sunan taimako alhali yana ɓata maka rai, wa kake kira idan abu ya cije. Kuma ka biya su lokacinsu, don ilimi suka ba ka.

Daga nan ka tsayar wa kanka wace larura ce take damun mutumin da kake rubutawa, ko da ba za a ambaci sunanta a fim ɗin ba. Mun tattara cututtuka da yawa mun kira su hauka. Akwai ciwon damuwa, wanda mai shi zai yi makonni ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci su lalace, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Akwai wanda ke ɗaga mutum sama, ya kwana yana magana yana rabon kuɗinsa, bayan wani lokaci kuma ya kayar da shi ƙasa. Akwai mai jin muryoyin da ba wanda ke jin su. Akwai ruɗewar da kan sami mace a makonnin farko na jego, wadda sau da yawa ake cewa iska ce ta shige ta a wurin wanka. Akwai kuma wanda shaye-shaye ya jawo. Kowanne da tafiyarsa, kuma jarumi ba zai iya fito da abin da marubuci bai san mene ne ba.

A nan ne muka fi yin kuskure, wato yadda ciwon ke farawa. A fim, ana faɗa wa mutum cewa dukiyarsa ta ƙone, sai ya zare ido, ya yage riga, ya bi titi. Na Yaya ba haka ya zo ba. Tela ne, yana da kekensa a wani shago kusa da Kasuwar Barci. Barci ne ya fara ƙaurace masa. Umma za ta fito alwala cikin dare ta tarar da fitilarsa a kunne. Sai ya fara yanka yadin mutane ba daidai ba, shi da ake yi wa layi lokacin sallah. Sai ya daina zama a majalisa, ya ce ana maganarsa. Wata rana ya ɗauke rediyon gidan ya kifa shi a ƙarƙashin gado, ya ce ta ciki ake kiran sunansa. Kusan wata uku muna cewa gajiya ce, muna cewa sammu ne, muna gardama a tsakaninmu. Dubi irin labarin da ke cikin waɗannan watanni uku. Uwa tana ajiye tuwo a ƙofar ɗaki tana dawowa ta same shi yadda ta bar shi. Wannan ya fi yage riga taɓa zuciyar mai kallo nesa ba kusa ba, kuma mai kallon da irin haka ke faruwa a gidansu zai gane alamar da wuri.

Kada kuma ka miƙa masa wuƙa don kawai kana neman abin tsoro. Mafi yawan masu wannan larura ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi cuta, a doke su, a kwashe musu kaya, a yi wa matan cikinsu fyaɗe. Duk fim ɗin da ya nuna su a matsayin makasa yana ƙara wa maƙwabci dalilin hana su haya, da hana su aure.

Sai batun warkewa. Mun saba da fitowa ɗaya tak: a yi ruƙiyya, ya yi atishawa, ya miƙe garau, ko kishiya ta tona asirin da ta binne. Ni ba na haɗa addu'a da asibiti faɗa a labarina, don a gidanmu ba su yi faɗa ba. Umma tana tofa masa addu'a da asuba, tana kuma riƙe da katin asibitinsa a cikin jakarta. Nuna maganin yadda yake. Ƙwaya ce kullum, wani kuma allura duk wata. Tana sa barci, tana iya sa ƙiba ko rawar hannu, kuma ga tela rawar hannu ba ƙaramin abu ba ne, sai da likita ya sauya masa magani. Nuna ranar da ya ji sauƙi ya ce ya warke ya daina sha, ciwon ya dawo. Nuna lokacin da kuɗin magani ya gagara. Sannan ka nuna shi ya koma kan kekensa, don Yaya ya koma, ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu.

Idan labarinka ya kai ga mari da turu, ka san abin da kake nunawa. Mu mutanen Kaduna ba mu manta watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare, suna ganin gyara ne. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa marar lafiya haƙƙinsa na a kula da shi cikin mutunci. To idan kamararka ta nuna an ɗaure mutum, ta nuna gyambon da ƙarfen ya yi masa a idon sawu, kada ta nuna ya fito ya warke.

Farfaɗiya ita ma ta sha wahala a hannunmu. Ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓa jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani daidai. Idan jarumarka ta faɗi a fim, sa wani ya yi abin da ya dace a gaban kamara: ya kawar da wuta da abubuwa masu kaifi, ya sa mata abu mai laushi a ƙarƙashin kai, ya juya ta gefe, kada ya cusa mata cokali a baki, kada ya ɗura mata komai. Idan ta wuce minti 5 tana jijjiga, a tafi asibiti. Mutane suna kwaikwayon abin da suka gani a allo.

Akwai wata al'ada a rubutunmu da nake roƙon mu bari gaba ɗaya, ta mayar da naƙasa sakayya. Muguwar kishiya ta ƙare a makance, azzalumin attajiri ya ƙare a keken guragu, boka ya kuturce, mai kallo ya ce alhaki ne. Ka tuna akwai yarinyar da shan inna ya kama tana shekara biyu tana kallon fim ɗin tare da ƙawayenta. Me ka faɗa musu game da ita? Kuturta cuta ce da ƙwayoyi ke warkarwa, ana ba da su kyauta, ga cibiyarta nan a Saye kusa da Zariya. Addininmu ma bai koya mana wannan kallon ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin shi yana jan salla a Madina. A ƙasarmu ma, Aliyu Namangi na Zariya da ya yi waƙar Imfiraji makaho ne. Idan mugu zai girbi abin da ya shuka, akwai kotu, akwai tonon asiri, akwai gujewar 'ya'ya.

Bara ma ba ita kaɗai ce sana'arsu ba. Gaskiya ne akwai mabarata a titin Kano Road da ke Kaduna, amma akwai gurgu mai walda, makauniya malama, kurma kafinta. Kuma kada ka tsallaka ɗaya gefen ka mayar da shi waliyyi, duk inda ya fito sai sarewa mai ban tausayi ta tashi. Ba shi fushi, ba shi kishi, ba shi budurwa, bari ya ci bashi ya ƙi biya. Gwajin da nake yi shi ne in cire naƙasar a zuciyata in duba ko akwai sauran mutum a takardar. Idan babu, sai in koma in sake. Ba shi suna kuma. Abin kunya ne a jerin sunayen ƙarshen fim a ga an rubuta "Mahaukaci" ko "Gurgu" a gaban sunan ɗan wasa. Mugun mutum a labari zai iya jifansa da baƙar magana, haka rayuwa take, amma kada darakta ya ɗora kiɗan dariya a kai.

Lokacin zaɓen 'yan wasa, nemi mai larurar ya fito da kansa duk inda hakan zai yiwu. A 2022 wani kurma ɗan Amurka, Troy Kotsur, ya ci kyautar Oscar, da maganar hannu ya yi wasansa. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu mai tsari da ƙa'ida, ban da wadda ake koyarwa a makarantu. Jarumin da ke watsa hannuwa a iska yana gurnani bai faɗi komai ba, kuma kurman da ke kallo ya sani. Haka shafa wa mutum hoda don ya zama zabiya. Ka tanadi mai fassara a wurin ɗaukar fim, ka duba ko keke zai shiga gidan da za a yi ɗauka, ka duba banɗaki. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta shafe mu mu ma masu ɗaukar aiki. Sannan wajen tacewa, a sa rubutun Hausa a ƙasan hoto. Muna sa na Turanci don baƙi, mun manta da kurman da ke layinmu.

Idan labarin ya taɓo kashe kai, taka a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fim kan wannan a 2019. Kada ka nuna hanyar da aka bi, kada ka nuna kwalba ko sunan abin da aka sha, kada ka mayar da mutuwar ramuwa ga wanda ya ɓata masa rai. Nuna wanda ya lura, ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi kai tsaye, ya raka shi wurin likita.

Bayan ka gama, kai rubutun wurin wanda ya san ciwon ya karanta tun kafin a fita ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ɗauki shekaru kafin in iya miƙa wa Yaya wani rubutu nawa. Da na rubuta labarin wani direba mai irin larurarsa, na kai masa shago da rana. Ya tsayar da keke, ya karanta shafukan a hankali yana bin layi da ɗan yatsa. Da ya gama ya ce, "Ka yi ƙoƙari, amma ka manta kuɗin mota." Na ce wane kuɗin mota, Yaya? Ya ce daga Tudun Wada zuwa Barnawa hawa biyu ne, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, ga wunin da shago zai yi a rufe. Ya ce sau biyu ya fasa zuwa ganin likita saboda wannan, bai faɗa wa kowa ba. A daren na ƙara fitowa ɗaya: direban da matarsa suna zaune a bakin gado da asuba, ta kwance bakin zaninta tana ƙirga canji, katin asibiti yana ajiye a tsakaninsu.